Neman shawara: an ga taruwar kalsiyam a bangon idon mahaifiyarmu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Mahaifiyarmu tana da shekara 68. Mun kai ta asibiti ne don a sauya mata gilashin karatu, amma da likita ya ɗiga mata maganin buɗe ƙwayar ido ya haska ciki, sai ya ga waɗansu tabo masu launin rawaya-rawaya a can baya, a idanun biyu. An yi mata sikanin ido, aka ce sinadarin kalsiyam ne ya taru a bangon idon, sannan aka rubuta mana gwajin jini mai tsawo wanda ya haɗa har da na ƙoda. Hajiya tana gani lafiya, Alƙur'aninta ma tana karantawa, shi ya sa yayanmu yake ganin kashe kuɗi ne kawai, ni kuwa tun da likitan ya ambaci cewa irin wannan tabo kan yi kama da sankara na kasa samun barci. Shekara biyu da suka wuce ta yi fama da tsakuwar ƙoda, kuma tana shan maganin hawan jini mai sa yawan fitsari. Me ya haɗa ido da ƙoda, kuma gwajin nan dole ne?

Amsa daga wani ma'aikacin jinya a sashen ido:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ba Hajiya lafiya. Ki kwantar da hankalinki game da sankara, domin dalilin yin sikanin ke nan: na'urar tana aika sauti cikin ido, kalsiyam kuma yana mayar da sautin da ƙarfi, ya fito fari fat da inuwa a bayansa, kuma wannan alama tana taimaka wa likita ƙwarai wajen bambance shi da ƙari. Farin idon da muke gani a gaba yana zagayawa har baya, kuma a cikinsa kalsiyam ɗin yake daskarewa, galibi ta sama gefen kunne, nesa da tsakiyar da ake gani da ita, saboda haka yawancin masu shi dattawa ne da ba su san suna da shi ba. Ba a yi masa tiyata ko ɗigo, dubawa kawai ake yi lokaci zuwa lokaci, domin a wasu 'yan tsiraru sababbin jijiyoyin jini kan tsiro kusa da wurin su rage gani.

Amma ban goyi bayan yayanku ba. A mafi yawan mutane ba a gano wani sanadi, sai dai a wasu, idon ne yake fara nuna matsalar da ke cikin jini. Akwai waɗansu ƙananan halittu guda huɗu a wuya da ake kira paratayirod, kowace kamar ƙwayar shinkafa, suna maƙale a bayan halittar da ke kumbura ta zama maƙoƙo, kuma su ne ke daidaita kalsiyam. Idan ɗaya ta yi aiki fiye da kima, sai ta riƙa zuƙo kalsiyam daga ƙashi zuwa jini, inda ya kamata yawansa ya tsaya tsakanin miligiram 8.5 zuwa 10.5 a kowace desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) ta jini. Daga nan ake samun tsakuwar ƙoda, ciwon ƙashi, ƙishirwa, taurin bayan gida da kasala. Tsakuwar da kika ambata ita kaɗai ta isa hujjar yin gwajin.

Amsa daga wata mai harhaɗa magunguna:

Ina so in ƙara da batun magani. Wani rukuni na magungunan hawan jini masu sa fitsari, irin su haidirokulorotayazayid, yana ɗaga kalsiyam a jini, yana kuma rage gishirin jiki irin su fotasiyam da maganiziyam. Akwai kuma cututtukan ƙoda na gado guda biyu, na Bartter da aka bayyana a 1962 da na Gitelman a 1966, waɗanda ke zubar da gishirin jiki ta fitsari, kuma an danganta su da irin wannan tabo, shi ya sa aka haɗa da gwajin ƙoda a takardar da aka rubuta muku. Ku zuba duk abin da Hajiya ke sha a leda ku kai wa likita, har da ƙwayoyin kalsiyam da bitamin D da ake saya don ciwon gwiwa. Kada ta daina maganin hawan jini da kanta.

Amsa daga wani dattijo:

'Yata, ni an cire mini ɗaya daga cikin halittun nan na wuya bayan na sha wahalar tsakuwa sau biyu, kuma tun daga lokacin ba ta dawo ba. Abin da nake roƙonku shi ne kada ku bari a zuba wa Hajiya wani tsimi ko garin magani a ido, domin abin yana can baya inda ɗigo ba ya isa, lafiyayyen gaban idon kawai za a lalata.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Yaya amsoshinku, ya amince. Da na duba jakar Hajiya na tarar da kwalbar ƙwayoyin kalsiyam da maƙwabciyarta ta ba ta tun bayan Sallah, na sa ta cikin ledar. Ranar Litinin da safe za mu je a ɗibi jinin, in Allah Ya yarda.