Layi da motsi a zanen dabbobi da fensir

A wata hira da masu zane suka yi a Sakkwato, shawarar da ta fi yawa ita ce kada a fara da ido ko kunne. A ja layi ɗaya daga ƙeya, ya bi gadon baya har wutsiya. Shi ke nuna ko dabbar tana tsaye ko tana shirin zabura.

An daɗe kan nauyin hannu. Ƙafar da ta ɗauki nauyi da ƙarƙashin tozon gudale, a danna musu fensir mai laushi da baƙi sosai, wato 4B ko 6B. Inda haske ya sauka, a bar layin ya katse, ido zai cike gurbin. Wasu sun ce a goge layukan gwaji; ni dai ina tare da masu cewa a bar su, su ke sa jar akuya ta yi kamar za ta motsa.

Wani malami ya ja kunne kan tafiya: raƙumi na ɗaga ƙafafun gefe ɗaya tare, a je kara a gani. Doki kuwa, hotunan da mai ɗaukar hoto Eadweard Muybridge ya ɗauka a 1878 sun nuna kofatansa huɗu suna barin ƙasa a sukuwa lokacin da ya tattara ƙafafu ƙarƙashin ciki, ba sa'ad da ya miƙe su ba.