Ciyar da hawainiya marar lafiya da sirinji

Mai tambaya, Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Hawainiyar da nake kiwo ta daina kama fara, idanunta kuma sun faɗa. Yaya zan ciyar da ita da sirinji ba tare da ta ƙware ba?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka cire allurar, ka dama niƙaƙƙen gyare da ruwa, ka riƙa ɗiga mata ta gefen baki kana jiran ta haɗiye, domin ƙofar numfashinta tana daf da gindin harshe. Kada ka ɓamɓare bakinta da ƙarfi.

Amsa ta biyu: Faɗawar ido yawanci alamar ƙarancin ruwa ce, don haka ka fesa wa ganye ruwa ta lasa. Ni dai shawarata, Malam, ka fara kai ta asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello.