Kuɗin burs: nawa ne ni kaɗai, ko na gida ne?

Ɗan Kance ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina shekara ta biyu a lisans, wato digirin farko, a jami'a nan Damagaram, kuma ina cikin waɗanda Allah ya nufa da samun burs, wato tallafin kuɗin karatu na gwamnati, bayan Bak, jarrabawar gama sakandare. Gidanmu yana wani ƙauye ta wajen Kance. Ni ne na fari da ya shiga jami'a a zuri'armu, shi ya sa duk ranar da aka ce kuɗi sun fito, kafin in kai bakin banki labari ya riga ni isa gida.

Bana rumbunmu bai kai ko'ina ba. Baba bai taɓa buɗe baki ya roƙe ni ba, amma Inna ta kira ta ce hatsi ya ƙare, ga kuma bikin ƙanwata da aka sa bayan Sallah. Kawuna shi ma yana son rance zai sayi taki. Na aika abin da na aika. Sauran bai kai ni ƙarshen wata ba, ga haya, mu huɗu ne a ɗaki ɗaya a Garin Malam, ga ruwan garuwa wanda duk mazaunin garin nan ya san tsadarsa da zafi, ga fotokofi kullum. Sai na fara kabu-kabu da dare da moton wani abokina. Yanzu darasin ƙarfe 8 na safe yana wuce ni, kuma darussa biyu ban ci ba a samestar da ta wuce, ina jiran ratarapaj, wato jarrabawar zagaye na biyu ga waɗanda suka faɗi.

Tambayata ga manya da waɗanda suka riga mu bin hanyar nan: kuɗin nan haƙƙina ne ni kaɗai, ko gida suna da rabo a ciki? In na hana, na yi wa iyaye laifi? Kuma mene ne a kaina, mene ne nawa, a wajen waɗanda ke ba mu kuɗin? Don Allah a ba ni amsa ta gaskiya, hankalina ba a kwance yake ba.

Malamin kwantaragi, Zango:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta saƙonka sau biyu, don abin da ka faɗa shi ne ke cin yaranmu da yawa, ba sa dai faɗa ne.

Mu a namu lokacin Yamai muka tafi, jami'ar Abdou Moumouni, kusan kilomita 900 daga nan. Wahala ce, amma nisan yana kāre ɗalibi ta wani ɓangare: sai hutu ake ganinsa, ba wanda ya san ranar da aka biya shi. Da aka buɗe jami'a a Damagaram a 2010, tare da na Maraɗi da Tawa, talaka ya samu sauƙi ƙwarai, ƴaƴan da ba za su taɓa iya zaman Yamai ba suka shiga aji. Sai dai ɗalibi ya dawo kusa da gida, kowa yana ganinsa, kowa yana da lambarsa, kuma aika kuɗi ta Nita ko Amana minti kaɗan ne. Nauyin da kake ji daga nan ya fito, ba daga sharrin kowa ba.

To ga amsata. Burs ba albashi ba ne. Albashi ladan aikin da ka riga ka yi ne, in ka karɓa kana iya yin yadda ka so da shi. Burs kuwa an ba ka ne don aikin da ba ka gama ba tukuna, kuma da sharaɗi. Hukumar ANAB mai ba da burs ba ta bai wa duk wanda ya ci Bak. Ana duba makinka, da shekarunka, da fannin da za ka karanta, sauran kuma a sa su a layin taimakon da ake kira ed sosiyal, wanda bai kai burs ba, kuma sau ɗaya ake biyansa a shekara. Wato kujerar da kake kai, akwai yaron Tanut ko Gure da ya nema bai samu ba. Kuɗin kuma daga baitulmali suke, daga harajin mai tebur a kasuwa da mai kai dabbobi kara. Shi ya sa ni ina kiransa amana. Naka ne ka ci, ka sha, ka biya ɗaki, ka sayi takardu, domin ka zauna aji da hankalinka.

Ka san lissafin tsarin LMD (lisans, mastar, dokta): kowane darasi da ka ci yana da nasa awo da ake kira kiredi, kowace samestar kiredi 30, shekara 60, lisans gaba ɗaya 180. Kowace shekara sai ka sabunta dosiye, wato takardun burs ɗinka, da takardar rajista da ta maki, kuma wannan takardar makin ita ce ke magana a madadinka. Ba wanda zai tambaye ka ko hatsi ya ƙare a gida. In maimaita aji ya kai ka ga an yanke burs, to Inna ta rasa ɗan abin da kake aikawa, kai kuma ka rasa karatun, asara biyu ke nan a gida ɗaya. Na ga wannan da idona, yara masu ƙwaƙwalwa suna kan moto a tasha har yau.

Kabu-kabun nan na dare ka ajiye shi har ka gama ratarapaj. In dole sai ka nemi abin ƙari, nemi ɗaliban tarminal masu shirin Bak ka riƙa yi musu darasi a gida Asabar da Lahadi. Kuɗin kaɗan ne, amma ba ya hana ka barci, kuma karatunka kake maimaitawa.

Uwar ɗalibai, Kasuwar Dole:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da iyayenka. Ƴata ce ta karanta mini, na ce sai ta rubuta abin da zan faɗa.

Malam ya yi gaskiya, amma kar ka ɗauki maganarsa ka rufe hannu gaba ɗaya. Uwa ba ta kiran ɗanta a kan hatsi sai abin ya kai mata wuya. Wanda ya ƙoshi a resto, gidan abincin ɗalibai, alhali mahaifiyarsa ta kwana da yunwa, karatun ba zai yi masa daɗi ba. Abin da nake so ka gane, buƙatun nan uku ba ɗaya ba ne. Hatsi daban, biki daban, rance daban. Na hatsi, ka yanke wani abu sananne duk lokacin da aka biya ku, ko na tiya kaɗan ne, ka ba Baba a hannunsa, ya san iyakarsa ke nan. Kayan ɗakin amarya ba na ɗan lakwal ba ne, na dangi ne, a yi gudummawa kamar yadda aka saba tun kafin a haife ka. Kawu kuwa ka ba shi haƙuri da ladabi, ka ce kuɗin na sharaɗi ne. Rancen dangi ba ya dawowa a kan lokaci, kai ma ka sani.

Mu iyaye ba mu san yadda abin yake ba. Da babbata ta shiga jami'a, ni ma ɗauka nake gwamnati ta ɗauke ta aiki. Sai da ta zaunar da ni ta lissafa mini haya da mota da takardu na gane. Kai ma ka je gida da kanka, kar ka yi ta waya. In kana jin nauyin Baba, tafi da baffanka ko limamin garinku, a faɗa masa cewa in ka faɗi jarrabawa kuɗin tsayawa za su yi. Dattijon da bai roƙe ka ba tun farko zai fahimta.

Ɗaliba, shekarar ƙarshe a lisans:

Uwar ɗalibai da Malam sun yi maganar gida, ni bari in taɓo tambayarka ta ƙarshe, don mu ɗalibai muna yawan barin haƙƙinmu a ƙasa saboda rashin sani ko kunya.

Haƙƙinka ne ka ga sunanka a jerin da ake liƙawa, kuma in babu shi, ko an yi kuskure a lambarka, ka rubuta ƙorafi a duba. Kar ka tsaya kan "an ce". Duk takardar da ka kai, ka ajiye kwafi, ka karɓi shaidar ajiya. Haka ma maki: in kana ganin an yi kuskure wajen lissafi, akwai kwanakin ƙorafi bayan an liƙa sakamako, kuma ba su da yawa. Sannan burs ba shi kaɗai ne tallafin ba. Ofishin CROU yana kula da ɗakunan kwana, da resto mai tikiti mai rahusa, da ɗakin shan magani. Ka nemi gado a site, wato ɗakunan kwanan ɗalibai, ko da ba ka samu bara ba, ka kuma daina jin kunyar layin resto, abin da za ka rage a abinci kaɗai zai iya zama kason Inna.

Waɗannan abubuwa ba daga sama suka faɗo ba. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka yi tattaki a Yamai, aka buɗe musu wuta a Gadar Kennedy, 3 suka rasu, kuma har yau ƙungiyar ɗaliban Nijar ta USN tana tunawa da ranar kowace shekara. Abin da ya biyo baya ya kai ƙasar ga babban taron ƙasa na 1991, wanda Farfesa André Salifou, ɗan garin nan, ya jagoranta, shi ne kuma jami'ar Damagaram ke ɗauke da sunansa yanzu. Don haka in ɗalibai sun haɗa kai suna neman a biya su a kan lokaci, ba roƙo suke ba.

Amma ina faɗa ko a gaban ƴan kwamitin ƙungiyar ɗalibai: wanda ke neman haƙƙi shi ma ana binsa. Akwai masu yin rajista don kuɗin kawai, ba a ganinsu a amfi, babban ɗakin darasi, sai ranar jarrabawa. Akwai masu sayar da tikitin resto ga ƴan gari. Irin waɗannan su ke ba mutane bakin cewa ɗalibai cima-zaune ne. Kuma yajin da ya yi tsawo har shekara ta shiga cikin shekara, ɗan mai kuɗi ba ya jin sa, iyayensa sai su mai da shi makarantar kuɗi ko waje. Irinmu ne ke ƙara biyan haya wata da watanni ba tare da mun matsa gaba ba.

Ɗan Kance:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Uwar ɗalibai, zan je gida ranar Juma'a in sami baffana mu tafi tare. Yaya, ban taɓa neman gado a site ba, zan nema. Malam, tambaya ɗaya ta rage: darussa biyun nan, in na ci su a ratarapaj, suna shafar sabunta dosiyena?

Malamin kwantaragi, Zango:

Abin da ake dubawa shi ne ko ka haye aji na gaba, kuma darasin da aka ci a ratarapaj kiredinsa cikakke ne kamar na kowa. Gobe ka je ofishin rajista na fannin ku ka karanta ƙa'idar hayewa da aka liƙa, ka kuma rubuta ranar rufe karɓar dosiye, don wasu ba faɗuwa ke raba su da burs ba, makara ce. In darussan na lissafi ne ko kimiyya, ka yi mini magana ta akwatin sirri, ina da lokaci bayan la'asar ranar Asabar.