Abin da aka fi yarda da shi wajen sa wa motar rimot filogi mai cirewa

Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a zaɓi filogi gwargwadon wutar da zai ɗauka. Tsakanin batir da na'urar sarrafa gudu, filogin XT60 da waya mai kaurin 12 AWG (ma'aunin kaurin waya) sun wadatar da yawancin motoci. Tsohon filogin Tamiya kuwa yakan yi zafi har ya narke idan wuta ta yi yawa. Ƙaramin filogin JST na abubuwan da ba sa jan wuta sosai ne, kamar fitilu da fanka.

Macen filogi, wato ɓangaren mai ramuka, ake sa wa batir, don kada ƙarfe a fili ya taɓa wani abu. A riƙa yanke waya ɗaya, a liƙa ta da dalma, a rufe ta da robar da zafi ke tsukewa, sannan a taɓa ta biyun. Haɗuwar jar waya da baƙa a batirin LiPo gobara ce. Kuma a zura robar tun kafin liƙi, nan ake yawan mantuwa. Lokacin liƙin a cusa namijin cikin macen, in ba haka ba zafi ya sassauta robar jikin filogin, ƙarafan su karkace.

Dalmar da ta dunƙule ba ta kama ba, a sake.

Injin motar, in nau'in nan ne mara burushi (brushless) kuma mara na'urar gane juyi (sensor), idan ya juya baya, a musanya biyu daga wayoyinsa uku.