Musayar Waƙa: Wa Ke Kafa Mazarin Ƙwayar Halitta?

Malam Mai Madubi:
Jama'a, ga nawa baitukan. Mai gyara ya amsa da waƙa, ban da zube.

In ƙwayar halitta ta tashi zama biyu,
Kuromosom ɗinta, ƙunshin DNA na gado, sai an yi rabawa.

Arba'in da shida ne a ƙwayar ɗan Adam,
An kwafe su duk, kowa da ɗan'uwa.

Wa zai ja su, kowanne ya nufi gefensa?
Mazari ne, da zarensa mai miƙewa.

Tushen mazarin nan shi ne santirosom,
Gefen cibiyar ƙwaya yake maƙalewa.

Santiriyol biyu ne a tsakiyarsa,
Ɗaya na tsaye, ɗayan na gittawa.

Kowanne rukuni tara, zare uku-uku,
Furotin kewaye da su suna taruwa.

Boveri, masanin Jamus, ya raɗa wa santirosom suna a 1888,
Ƙwan tsutsar cikin doki ya yi ta dubawa.

Malama Mai Alli:

Malam, ka tsaya a kan santiriyol,
Ka bar masu aikin babu ko kirari.

Furotin ɗin nan da ke kewaye da shi,
A cikinsu ake ƙulla dukkan lamari.

In rabuwa ta gabato, furotin PLK1 ya taso,
Da Aurora A, su liƙa fosfet da sauri.

Cikin furotin ɗin nan, perisantirin ya miƙe, CEP192 ya kama,
CDK5RAP2 ya zo ya faɗaɗa wuri.

Taron ya kumbura ninki ba ninki,
Ya janyo furotin gama-tubulin jeri-jeri.

A cikin fumfuna masana su Oakley suka gano shi,
A 1989, bayan dogon nazari.

Zobe yake yi, kuma kan zoben nan
Tubulin, tubalin zaren, ke hawa ɗaya-ɗaya bisa tsari.

Layi goma sha uku su naɗe su yi bututu,
Kaurinsa nanomita 25, ba ƙari.

Gindin zaren yana riƙe a zoben,
Kansa na lalube can cikin sarari.

Ya yi tsawo, ya zube, ya sake tsawo,
Har ya cafki kuromosom ya yi masa ɗauri.

Ɗan Gardama:

Malama, na ji, sai dai ina da ja,
Ban yarda santirosom ne sarki ba.

Tsiro mai fure kullum ƙwayarsa na rabuwa,
Bai taɓa mallakar santirosom ba.

Ƙwan mace ma yana kafa mazarinsa,
Kuma ba da santiriyol yake yi ba.

A 1996, cikin ruwan ƙwan kwaɗo,
An zuba ƙwallaye shafe da DNA, ba ƙari ba.

Mazari ya haɗu a kansu da kansa,
Bai jira umarnin kowa ba.

Ƙuda ma, a 2006, an hana shi santiriyol,
Ya girma tsaf, bai rasa fiffike ba.

Malam Mai Madubi:

Ƙanena, ƙarasa mana labarin ƙudan,
Yana fitowa sai ga shi yana mutuwa.

Santiriyol ke tsirar da gashin ji a jijiya,
Ba shi, ba tashi, balle tsayuwa.

Mazarin nasa ma a makare ya haɗu.
Sauran kam ka yi gaskiya, ba musantawa:

Kuromosom da furotin Ran na tsirar da zare,
Furotin ogmin na sa shi ya yi ta rassawa.

Malama Mai Alli:

Ku bar batun sarki, ku dubi adadi,
Santirosom biyu cif ake so, nan ne sirri.

Furotin PLK4 ke ba da izinin kwafar santiriyol,
Sau ɗaya tak, sannan ya bari.

SAS-6 ya kafa ginshiƙi mai hannu tara,
Sabon ya tsiro a gefen na fari.

Furotin Eg5 ya shiga tsakanin zare da zare,
Ya tura kusurwar mazari biyu nesa da juna da ƙoƙari.

Ka tsai da Eg5, kusurwa ɗaya za ka gani,
Kuromosom kewaye da ita, ba mazari.

PLK4 ya yi yawa, kusurwa uku ko huɗu,
Rabo ya rikice, nan ne hatsari.

Boveri ya hango haka tun 1914,
Ya ce ciwon daji na iya farawa daga wannan wuri.

In kuma CDK5RAP2 ya samu tawaya,
Girman ƙwaƙwalwar jariri kan tsaya tun da wuri.

Ɗan Gardama:

Adadin na karɓa, Malama,
Amma ƙwayar daji ba ta saduda ba.

Huɗun nata takan tattara su gida biyu,
Ta rabu ta wuce, ba ta mutu ba.

Furotin HSET ke ja mata su wuri ɗaya,
An toshe shi a ɗakin gwaji, ba ta kai labari ba.

Mai santirosom biyu kuwa ta ci gaba da rabuwa.
Malam, wannan fa ba ka amsa mini ba.