Ɗan koyo ya fara da Assembly, ko ya bari sai ya yi ƙwari?

Sadiq: Salamu alaikum. Jiya malaminmu ya ce duk wanda bai fara da Assembly ba (yaren rubuta shiri da ke ba furosesa umarni kai tsaye) bai san kwamfuta ba, hadda kawai yake yi. Ni kuwa wata biyu ke nan da na kama yaren Python. In ajiye ta ne?

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Malaminku ya faɗi gaskiya, ƙanena. A Python ka rubuta x = 5, ba ka san inda biyar ɗin ta sauka ba. A Assembly da hannunka za ka rubuta mov ax, 5, ka zuba ta a AX, ɗaya daga ƙananan ma'ajiyoyin cikin furosesa da ake kira rajista. Ni da furosesar 8086 na fara, ban taɓa nadama ba.

Hafsat: Injiniya, ka yi mini afuwa, ban yarda ba. Don yaron nan ya buga “sannu” a allo a Linux mai bit 64, sai ya sa 1 a rax, 1 a rdi, adireshin kalmar a rsi, tsawonta a rdx (duk rajista ne), ya kira syscall, wato ya nemi Linux ta yi masa aikin. Sannan ya sake sa 60 a rax don shirin ya fita lafiya, in ba haka ba ya faɗi. A Python layi ɗaya ne. Ina ajin farko na yi kwana uku ina fama da int 21h, umarnin neman aiki daga DOS, tsohon tsarin tafiyar da kwamfuta, allo na ta zubo shara. Ashe alamar $ na manta a ƙarshen jimla. Saura ƙiris in bar karatun.

Injiniya Bala: Ai sharar nan ita ce darasin, Malama Hafsat! Abin da ke kwance a memori bayan jimlarki ne kwamfuta ta yi ta karanto miki, tunda ba ki gaya mata inda za ta tsaya ba. Kin ƙara mantawa tun daga ranar?

Hafsat: Ban ƙara ba. Amma ƙawayena biyu ba su ƙara dawowa ajin ba ma.

Muktar: Ni tambayata, wace Assembly ɗin? Intel ta fito da 8086 tun 1978. Kwamfutar Sadiq tana kan tsarin bit 64 da AMD ta kawo a 2003, furosesar wayar da ke aljihunsa kuma ARM ce, umarninta daban. Abin da ka rubuta wa wannan ba zai yi aiki a waccan ba. Su kansu masu Unix, tsarin tafiyar da kwamfuta da aka fara rubutawa da Assembly, sun sake rubuta shi da yaren C a 1973.

Injiniya Bala: AX ɗin nan tana nan cikin EAX, ita kuma tana cikin RAX. Gida ɗaya ne aka yi wa ƙarin ɗakuna. Kuma Chris Sawyer kusan da Assembly zalla ya rubuta wasan kwamfuta na RollerCoaster Tycoon na 1999. FFmpeg ma, manhajar sarrafa bidiyo da sauti, har yau akwai sassan da ake rubutawa da hannu da Assembly don sauri.

Hafsat: Chris Sawyer wata biyu ya yi da fara koyo lokacin? Sadiq, ka ci gaba da Python, ka ɗora da C. Sai ka buɗe Compiler Explorer, shafin da ke nuna Assembly ɗin da C ke komawa, ka rubuta ɗan aikin da ke haɗa lamba biyu, ka sa -O2, zaɓin da ke sa a gyara shirin don sauri. Za ka ga GCC, mai fassara C, ko add, umarnin haɗa lamba, bai taɓa ba, lea eax, [rdi+rsi] ya rubuta, sai ret. Daga nan ka bi diddigin dalili. Lokacin kana da abin da za ka gwada Assembly ɗin da shi.

Injiniya Bala: Wannan karatu ne, ba rubutu ba. Mai kallon kanikawa bai zama bakanike ba.

Muktar: Injiniya, masu binciken ƙwayoyin cutar kwamfuta da Ghidra, manhajar da ke warware shiri a karanta Assembly ɗinsa, ai karatun ne abincinsu.

Sadiq: Na gode, Yaya Hafsat, na gode Injiniya. Sai dai jarrabawarmu saura mako uku, kuma 8086 ce za ta fito. Wa zai nuna mini yadda ake sa NASM mai fassara Assembly da DOSBox mai kwaikwayon DOS ranar Asabar?

Injiniya Bala: Ka zo shago bayan la'asar. Ka taho da cazarka, kuma kada ka manta da $.