Wai Lincoln ne ya 'yanta bayin Amurka?

Malam Garba: Jama'a, ɗazu a aji na ce Shugaba Abraham Lincoln ne ya 'yanta bayi a Amurka, sai wani yaro ya ɗaga hannu wai babansa ya ce ba haka ba ne. Na tsawatar masa, amma abin ya tsaya mini a rai.

Nasiru: Malam, uban yaron yana da gaskiya. A Agustan 1862, ana cikin yaƙin basasa tsakanin gwamnati da jihohin Kudu da suka ɓalle, Lincoln ya rubuta wa Horace Greeley, editan wata jarida a New York, cewa in zai iya ceto ƙasar ba tare da 'yanta bawa ko ɗaya ba, haka zai yi. Haɗin kan ƙasa ne damuwarsa.

Hajiya Rabi: Nasiru, ƙarasa wasiƙar mana. A ciki ya ce in 'yanta su duka ne zai ceci ƙasar, shi ma zai yi. Kuma tun watan Yuli ya karanta wa ministocinsa daftarin shelar 'yancin.

Nasiru: Wace shela, Hajiya? Ta 1 ga Janairu 1863 yankunan 'yan tawaye kaɗai ta shafa, inda ba a jin maganarsa. Kentucky, Maryland, Missouri da Delaware da ke hannunsa, ya bar bayinsu cikin ƙangi. Kyauta da kayan wani kenan.

Kawu Isa: Ku dakata, yara. Duk kun manta da masu abin. A Mayun 1861 wasu bayi uku suka sulale da dare a kwale-kwale zuwa sansanin Fort Monroe a Virginia. Ubangidansu ya aiko jami'i ya karɓo su. Janar Butler, kwamandan sojan gwamnati a sansanin, ya ce ai Virginia ta ce ta fita daga Amurka, to da wace dokar Amurka za a mayar mata da bayi? Ya hana. Labari ya bazu, sai ga mutane da goyo da ƙunshin kaya suna kwararowa sansanonin sojan gwamnati. Daga baya baƙaƙen fata kusan 180,000 suka shiga soja. Da ƙafarsu suka tilasta wa gwamnati.

Hajiya Rabi: Na yarda, Kawu, amma gudu ba ya soke doka. Bayi kusan miliyan 4 ne fa. Lincoln ne ya matsa wa majalisar wakilai har ta amince da gyara na 13 ga tsarin mulki, wanda ya haramta bauta, a Janairun 1865. Ranar 11 ga Afrilu ya yi jawabi yana goyon bayan a ba wasu baƙaƙe ƙuri'a. Wani mai suna John Wilkes Booth yana cikin taron, bayan kwana uku ya harbe Lincoln.

Nasiru: Wasu dai, ba duka ba. Mutumin da ya tara shugabannin baƙaƙe a fadarsa a 1862 yana lallashinsu su bar ƙasar? Har wani tsibirin Haiti aka kwashi ɗaruruwa, yunwa da agana suka cinye da yawa.

Kawu Isa: Frederick Douglass, wanda shi kansa ya tsere daga bauta, ya faɗa a 1876 cewa Lincoln shugaban farar fata ne kafin komai. A jawabin nan kuma ya ce in an auna shi da mutanen da yake mulka, ya yi sauri, ya yi ƙarfin hali.

Nasiru: Rabin farkon nake so, Kawu.

Malam Garba: To ni dai gobe sai na nemi yaron nan na ba shi haƙuri. Kawu, labarin kwale-kwalen zan fara ba su.